Shekarar da Tarakta Ta Shaƙe a Tsakiyar Gandu

Na iso kan shekarar da na fi ƙin tunawa, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami tun farko, duk da na cinye shafuka da yawa ina kewaye-kewaye da labarin hanya. Kun ji, kamar yadda kowa a garin nan ya ji, cewa Baffanku Hamza ne ya kashe taraktar gidanmu da garaje, noman shekara ya lalace, har abin ya kai ga raba gandun da mahaifinmu ya bar mana. Wasunku a waya kuka ji kuna Kano da Kaduna, kuma daga bakina kuka ji. Tun daga lokacin na lura kun rage shiga wurin 'ya'yansa idan kun zo sallah. To ku karanta wannan a tsanake, in kun gama ku miƙa musu. Ni na kashe taraktar nan, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki in ɗora wa ƙanena.

Gandunmu shi ne na ƙarshe a unguwar da ba a raba ba. Duk gidajen da ke kewaye da mu, uba na rasuwa ake ɗauko igiya, gona ta koma ƙyalle-ƙyalle, kowa da tasa kamar shimfiɗar sallah. Mahaifinmu bai bar wasiyya a kan haka ba, abin da yakan ce kawai shi ne, rumbu ɗaya ya fi auki. Hamza ne ya riƙe maganar nan shekara talatin da wani abu, ni kuwa ina kan hanya. Ina Agadas, ina Njamena, ina Kumasi, na yi shekaru ina jan tankar ruwa a Jidda, shi yana nan da bijimansa biyu, yana huɗa, yana ciyar da mahaifiyarku da ku daga rumbun da nasa 'ya'yan suke ci. Bai taɓa wuce Kaduna ba. Ni na dawo da Larabci da Faransanci da Turanci a baki, da ɗan abin da ba a rasa ba na yaren Asante, na zauna a zaure ina ba da labari, shi yana zuba mini shayi.

Ni na kawo maganar tarakta. Na ga noma a Gadarif ta ƙasar Sudan, inda direba zai sa garma da hantsi ya miƙe, bai juyo ba sai rana ta take tsaka, kuma tun daga nan nake jin kunyar ganin ƙanena yana bin bayan shanu. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, can gona ce babu gida, nan kuwa gida ne a cikin gona, rumbu a bayan ɗaki, dangar kara a bayan rumbu, gonar maƙwabci a bayan danga. Na matsa masa har ya yarda. Muka sayar da bijiman, na haɗa da wani ɗan fili da nake da shi a birni, aka kawo mana ƙaramar tarakta ja, wadda ta ɗan yi aiki a ƙasar Faransa kafin a shigo da ita ta Kwatano. Ranar da masu sayen shanun suka zo, Hamza bai fito ba. Ya ce ciwon kai yake yi.

Dillalin da ya kawo ta a bayan babbar mota mutum ne mai yawan magana. Da aka sauke ta a ƙofar gida, unguwa ta taru, ya dafa salansarta ya fuskance ni.

"Alhaji, wannan ba irin ta da ba ce. A cikin salansar nan akwai wata rariya da ke tare baƙin hayaƙi. In ta cika, injin ne da kansa yake ƙone dattin, amma sai ya ɗauki zafi sosai. Kada ku riƙa lallaɓa ta a silo, inji yana juyawa a hankali. Ku ba ta wuta, allurar nan ta haura dubu biyu. In wannan fitilar ta kama, ku kai ta fili ku bar ta ta gama."

Na ce, "Malam, lokacin da na fara riƙe sitiyari ko kaciya ba a yi maka ba."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji. Hamza kaɗai na ga yana duban inda mutumin ya nuna, yana motsa baki kamar mai hadda.

Ina so ku gane cewa ba wauta ce tsagwaronta ta sa na yi masa wannan amsa ba. Maigidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya ya cusa mini: inji kamar dabbar aiki yake, ka tausaya masa ya kai ka gida. Na ga gaskiyar haka da idona a cikin rairayi tsakanin Agadas da Dirku. Na wuce motocin da direbobinsu suka taka totur har ruwa ya tafasa, inji ya kama, na kuma ga abin da ya rage na mutanen da ke cikinsu. Ni lallaɓawa ta fitar da ni. Shekara arba'in ina sauraron inji da kunne, in ya ɗaga murya in sassauta ƙafa, ban taɓa fasa ko ɗaya ba. Sai ga wani ya zo yana ce mini an yi injin da tausayi ke kashe shi. Zuciyata ta ce dabarar 'yan kasuwa ce, a sha man gas da yawa, inji ya mutu da wuri, a dawo wurinsu sayen kayan gyara.

A gefen kujerar akwai wata takarda rawaya a manne, da rubutun Faransanci. Na sunkuya na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Layin farko ya ce a duba mai da ruwa kowace safiya. Sauran kuwa maganar dillalin ce sak: kada a bar inji yana aiki a hankali na dogon lokaci, kada a hana shi ƙona dattin sai in ana kusa da abin da zai kama da wuta, kuma in an hana, a gaggauta kai shi fili ya ƙarasa.

Hamza ya ce, "Yaya, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce a duba mai da ruwa kullum da safe."

Da kaka muka fara aiki da ita, muna kwaso dammunan dawa daga gona. Ni ke tuƙi, allura tana zaune a kan dubu ɗaya da 'yan kai, muryarta a ƙasa kamar kyanwa tana barci, mutane suna cewa ba su taɓa ganin tarakta mai ladabi irin wannan ba. Wata rana da la'asar, na shigo da ita bayan gida tsakanin rumbuna biyu da tulin harawa, sai wata fitila ruwan lemo ta kama, muryar injin ta canza da kanta, wani zafi ya taso daga salansa har yana dukan ƙafata, ga wari kamar ana ƙona roba. Matar Baffanku, Inna Larai, ita ta fara jin warin ta saman katanga. Ta ɗora hannu a ka tana salati, mata suka fito da bokitai. Duk wanda ya kai shekara ashirin a unguwar nan yana tune da gobarar da ta tashi daga murhu ɗaya ta bi danga ta cinye rumbunan gida bakwai kafin a kira magariba. Na duba gabana, na ga wani madanni mai hoton hayaƙi da aka ja wa layi, na danna. Nan take injin ya lafa, zafin ya sauka.

Liman da kansa ya ce, "Ka ga amfanin yawon duniya ke nan. Da wani ne da yanzu ana ta kwasar toka."

Ran nan na yi daidai, ko takardar ma abin da ta ce ke nan. Laifina daga washegari ya fara. Bayan asuba Hamza ya same ni a zaure.

"Yaya, mu kai ta filin Idi ta ƙarasa ƙonawar nan. Can babu kara, babu danga."

"Mu girke ta a fili tana ruri rabin awa, tana shan man gas, ba ta ja ko tsinke ba? A ce 'ya'yan gidan nan sun haukace?"

"Mutumin nan dai ya ce..."

"Mutumin nan ɗan kasuwa ne. Kai ka san shanu, Hamza, ban taɓa yi maka musu a kansu ba. Ka bar mini ƙarfe."

Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce to, Allah ya sa mu dace. A garinmu ƙane ba ya maimaita wa yayansa magana sau uku, musamman yayan da ya je Makka ya zauna. Ni kuma a raina ƙona mai a tsaye almubazzaranci ne, irin wanda aka hore mu a kansa tun muna yara, kamar a zubar da tuwo a kwata. Madannin nan yana komawa yadda yake duk lokacin da aka kashe inji, don haka sai ya zame mini al'ada. In hau, in yi bisimilla, in murɗa makulli, in danna.

Da rani aikinta ya koma ɗiban taki. Daga bayan gida zuwa gandu bai kai tafiyar minti biyar ba, ko ruwan injin bai gama ɗumi ba mun isa. Yayin da ake lodi kuma ba na kashe ta, ina barin ta a silo a gindin ɗorawa, domin a zamaninmu yawan tayarwa shi ke cinye batir. In da mutum zai zauna ya tsara hanyar da za ta fi saurin toshe rariyar nan, ba zai wuce abin da na yi ba. Fitilar ta koma kiftawa, na samo baƙin salatif na liƙe ta. Daga baya wata ƙara ta fara fita, ɗif-ɗif kamar ta agogon asibiti, na ce waya ce ta saki. Mahaifiyarku, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta taɓa hawa tarakta ba, amma ta tare ni wata rana ina alwala.

"Alhaji, abin nan kuka yake yi kamar akuya ta maƙale a danga. Anya ba Hamza ne da gaskiya ba?"

"Hajiya, ki tsaya a kan tukunyarki."

"Ai a kanta nake. Ni ma in hayaƙi ya toshe mini madafa, hanya nake buɗe masa, ba na rufe ido in ce babu shi."

Na ɗauki buta na bar mata wurin.

Ruwan shuka ya sauka a daren wata Talata, mai yawa, irin wanda ake jira, ni kuwa zazzaɓi ya kwantar da ni tun kwana biyu kafin nan, ko zama ba na iyawa. Ƙasa ba ta jiran mai jinya. Hamza ya aiko aka karɓi makulli. Daga baya na ji cewa da ya hau, ya ɓare salatif ɗin, ya tarar fitilar ta bar ruwan lemo ta koma ja. Bai danna madannin ba. Ya ɗaura garma, ya shiga tsakiyar gandu inda babu komai kusa, ya tura totur kamar yadda dillali ya ce tun watanni bakwai da suka wuce. Ina kwance a ɗaki na ji rurinta, kuma duk unguwa ta ji, mutanen da suka saba da muryarta a ƙasa suka fito bakin gonakinsu suna kallo. Ta yi kunyoyi masu kyau har zuwa hantsi. Daga nan wani farin hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfinta ya zube gaba ɗaya. Tana tashi, amma ba ta iya jan garma, da ƙyar take jan kanta. Ko sulusin gandu ba a huɗe ba.

Bakaniken da aka ɗauko daga Bici ya kwance salansar, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce shi gyaran da ya sani na sifana da guduma ne, wannan kuwa kwamfutar cikinta ce ta kulle ta, sai Kano. Na lallaɓa na tashi da sauran zazzaɓi a jikina, muka ɗora ta a mota ni da Hamza. A garejin aka ce mai iya wannan aikin mutum ɗaya ne, wani ɗan Kwatano da ake kirawo shi lokaci-lokaci, sai mu jira. Kwana biyar muka yi muna jira, muna kwana a shagon wani ɗan garinmu, kullum da yamma Hamza yana fita ya dubi gabas ya ga hadari ya dawo. Da mutumin ya zo, dattijo ne mai furfura da tabarau, Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Na gaishe shi da Faransanci, har da ɗan alfahari, fuskarsa ta washe. Ya jona wata kwamfuta a jikin taraktar, ya daɗe yana dubawa, murmushin ya gushe. Ya miƙa yatsa ya taɓa madannin nan, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce da Faransanci, "Baba, wa ke danna wannan? Injin yana rubuta komai. An danna shi fiye da sau ɗari. Kusan duk rayuwarsa a hannunku a silo ya yi ta. Rariyar ta cika maƙil, shi ya sa da aka ba ta wuta dattin ya kama gaba ɗaya ya narkar da ita. Wanda ya ba ta wutar nan, da ya yi haka wata uku baya, da yanzu kuna gona."

Ya ƙara da cewa sabuwa sai an yi odarta daga waje, kuma kada in sa rai kafin wata biyu. Hamza yana tsaye a kafaɗata, yana duban bakin mutumin yana duban nawa.

"Yaya, me ya ce?"

Na yi tafinta a wurare da yawa a rayuwata, a bakin iyaka, a ofishin 'yan sanda, har a asibitin Jidda tsakanin likita da mai naƙuda, ban taɓa rage wa kowa magana ba. Ran nan na ji bakina yana cewa:

"Ya ce wuta aka ba ta fiye da ƙima, rariyar ta narke."

Hamza ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Muka bar taraktar a garejin, muka hau mota har bakin titin garinmu.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila an binne shi tsakaninmu. Amma ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, mutane suka kewaye ni a ƙofa suna jaje, suna tambayar abin da aka gano a Kano. Na maimaita abin da na faɗa a gareji. Da na ga suna gyaɗa kai, sai na ji daɗin tsayuwar, na ƙara gishiri.

"Na sha gaya masa inji ba a yi masa garaje. Amma kun san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Yaron da nake nufi yana da shekara sittin da jikoki. Yana sunkuye a gefe yana neman takalminsa a cikin tuli. Duk aka juya aka dube shi. Ya sa takalmin, ya bi ta bayan masallaci ya tafi.

Bijimai mun sayar, tarakta tana Kano. A ƙasarmu mai shanu nasa yake fara huɗewa, sannan na surukansa, sannan na wanda ya riga ka magana tun bazara, mu kuwa da muka yi ta cika baki ba mu yi wa kowa magana ba. Sai da muka yi kusan mako uku kafin layi ya zo kanmu. Kafin nan Hamza ya ɗauko garmar hannu da ta shekara goma a rataye, shi da manyan 'ya'yansa biyu, suna duƙe tun fitowar rana, ni ina zagayawa da sanda ina cewa jikina bai gama warwarewa ba. Maƙwabta na noman farko, mu muna shuka. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar. Dawar wasu ta riga ta yi ido ta tsira, tamu tana cikin fure iska ta juya, zangarniya ta tsaya fayau, in ka murza a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Rumbu uku muke cikawa kowace shekara. A wannan karon ɗaya ma bai kai wuya ba.

Gidan da ake auna hatsi da tsoro ba ya rasa magana. Ban taɓa jin mahaifiyarku da Inna Larai sun ɗaga wa juna murya ba sai a wannan kakar, kuma a kan kwanon awo ɗaya. 'Yan majalisar bakin kasuwa suka laƙaba wa ƙanena suna, Hamza Totur, in ya wuce a kan kekensa wani ya yi rurin inji da baki, a yi dariya. Ɗaya daga cikinku ya kira ni a waya ya ce, Baba, a raba kawai kowa ya san nasa, kada a sake ja muku asara. Wanda ya faɗa ya san kansa, kuma ban riƙe shi ba, abin da na ba shi ya ci ya yi gyatsa. Bayan an gama shigar da kara, Hamza ya yi sallama a zaure, ya ƙi zama a kan tabarma.

"Yaya, a kira mai unguwa."

"A kira shi ya yi me?"

"Ya zo da igiya. Kada in sake kashe muku wani abu."

Na ce masa ya bar wannan magana, shaiɗan ne, mahaifinmu ba zai so ba. Duk na faɗi waɗannan, ban faɗi guda ɗayar da za ta hana shi ba. Ya tsaya yana kallona na ɗan lokaci, kamar mai jiran a ƙarasa masa zance, sannan ya ce sai da safe.

Aka raba ranar wata Asabar. Mai unguwa da dattawa biyu suka ja igiya daga gindin ɗorawa zuwa hanyar shanu. Aka ce babba ya fara zaɓa, na ce ƙarami ya zaɓa, sai ya ɗauki ɓangaren arewa, jigawar da ba ta riƙe ruwa, ya bar mini mai laka. Da hannunsa ya dasa gamba a kan iyakar. Kafin azumi ya ja katanga a tsakar gida ya fasa tasa ƙofar ta gabas. Ita kuwa tarakta, rariyarta ta iso bayan an gama komai, aka ɗaura, aka dawo da ita. Tun daga ranar nake ba ta wuta yadda takardar ta ce, in fitila ta kama in kai ta filin Idi in zauna a inuwa har ta gama. Rabin awa ne, wani lokaci bai kai ba. Ba ta sake yin ko tari ba. Na aika masa sau biyu cewa a shiga da ita ɓangarensa, ya ce ya gode. Ya sayi ɗan bijimi guda, yana haɗawa da na wani maƙwabci.

Sai da wata damina ta zagayo na iya zuwa. Na same shi a jigawarsa yana cirar ciyawa a cikin gyaɗa, shi kaɗai. Na tsallaka gambar, na tsuguna a kan kunya, na faɗa masa komai, tun daga takarda rawaya har abin da ɗan Kwatano ya ce kalma da kalma. Bai daina cira ba har na gama. Sannan ya karkaɗe ƙasar hannunsa.

"Yaya, ni ba na jin Faransanci, amma ina da ido. Madannin nan mutumin ya taɓa, ba totur ba. Kuma kai yake kallo."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ƙaryata ka a gaban mutane? Kai ne babba."

Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce tsakaninsa da ni babu komai, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yafe duniya da lahira. Har na fara jin nauyi yana sauka daga ƙirjina, sai ya ci gaba, muryarsa a ƙasa.

"Sai dai 'ya'yana, Yaya. Su ake kira 'ya'yan Totur. Waccan maganar a ƙofar masallaci ka faɗe ta. Wannan kuma ka kawo mini ita cikin gyaɗa, daga ni sai kai."

Na ce masa Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan tashi bayan an sallame in faɗa kowa ya ji. Ya ce Allah ya kai mu, ya koma kan cirarsa.

Juma'ar ta zo, aka yi baƙi masu wa'azi, na ce ba ranar ba ce. Ta gaba aka yi ruwa, mutane suka watse da sauri. Wata Juma'ar na miƙe har na gyara murya, liman ya juyo ya ce, Alhaji akwai magana ne, na ce a'a, ƙafata ce ta yi sanyi. Kowace Juma'a Hamza yana sahu na biyu ta hannun dama, ba ya waiwayowa, in an idar ya ɗan jima a zaune fiye da yadda ya saba, sannan ya tashi ya nemi takalminsa. Bai taɓa tuna mini ba. Na tsaya a gaban sojoji masu bindiga a kan iyakoki uku ina musu da su cikin harshensu, amma na kasa tsayawa a gaban mutanen da na yi wasan ƙasa da su in ce ban san wannan injin ba. Haka damina ta wuce, aka yi girbi. Ana cikin sussukar gero ya kwanta, ciwon kwana huɗu, a kwana na biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidansa ta gabas, aka zaunar da ni a tsakiya, ni ne babba, ni ake yi wa ta'aziyya. A rana ta uku, bayan an shafa fatiha, wani tsoho abokin mahaifinmu, wanda ba ya nufin kowa da sharri, ya jingina da sandarsa ya ɗaga murya yadda kurame ke yi.

"Allah ya jiƙan Hamza. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. In ban da ɗan garajen nan da ya ja muku asarar tarakta, ni ban san aibinsa ba. Allah ya yafe masa wannan ma."

Mutum ya fi arba'in a kan tabarmin nan, liman yana nan, mai unguwa yana nan. Manyan 'ya'yansa biyu suna zaune a hannun damana, na ji babban ya daina jan carbi. Babu abin da ya rage sai in ɗaga hannu in ce a saurare ni. Na ɗaga hannuwan duka biyu, na shafa a fuskata, na ce, "Amin."